Ɗaga gaban Hilux ɗina: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau na soma rubuta wannan aiki, don mai irin motata ya samu abin dubawa kafin ya zuba kuɗinsa. Hilux ce mai ƙofa huɗu, kat-kat, wato ƙafafu huɗun duk suna ja, mai shan gazuwal, ƙirar 2012 bisa ga takardarta. Hannu na biyu na saye ta, da ƙarfen kariya a gaba wanda mai ita na farko ya sa masu walda suka yi mata. Da ita nake bin kasuwannin ƙauye ina sayen aya da wake da riɗi: Cadawa, Agie, Gazawa, wani lokaci Mayahi, in kaka ta yi kyau har Kornaka. Muddin ina kan kwalta ba ni da damuwa. Sai na sauka na shiga hanyar rairayi, inda manyan motoci da amalanken shanu suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya. Farantin da ke ƙarƙashin injin yana sharar tudun nan, ina jin ƙararsa har tafin ƙafata, in kuma rairayin ya yi zurfi sai gaban ya zauna a kai, ƙafafu su yi ta juyawa a banza.

Gaban ya yi ƙasa, ko yaro ya kalle ta daga gefe zai gani. Abin da nake so shi ne a ɗaga shi kaɗan, ba don ado ba, don cikinta ya daina taɓa ƙasa. Kafin in je wurin kowa na auna ta. Na tsayar da ita a kan daɓen siminti da ya daidaita, tanki cike, babu kaya a baya, iskar tayu daidai. Daga tsakiyar ƙafa na ja mita zuwa leɓen madigadi, ba daga ƙasa ba, domin in ka auna daga ƙasa girman taya da iskarta suna shiga cikin lissafi.

Gaba hagu milimita 508, gaba dama 517. Baya hagu 578, baya dama 582.

Ke nan baya ya fi gaba da wajen milimita 65 zuwa 70, kuma hagu ya fi dama sauka. Saukar hagun bai ba ni mamaki ba, a nan direba yake zama kullum, tankin mai ma a wannan ɓangaren yake. Maƙwabcina yana da irinta sak, amma tasa ba ta da ƙarfen gaba kuma ba ta sha wahala kamar tawa ba. Ya bar ni na auna, gabanta ya haura 530 ta kowane gefe. Wannan awon nasa ya fi mini amfani da duk abin da za a gaya mini da baki, don ya nuna cewa tawa ta rasa kusan milimita 20 daga tsayin da ya kamata ta kasance.

Litinin, 6 ga Oktoba

Mutum uku sun ba ni shawara ɗaya a tasha: wai akwai noti a ƙarƙashi, a ɗaure shi gaban ya tashi, ba sai na sayi komai ba. Gaskiya suka faɗa, amma ba a kan motata ba. Hilux kat-kat ta kafin 2005 sandar murɗa gare ta a gaba, doguwar sandar ƙarfe da ta kwanta a jikin shasi, kuma lallai tana da notin da ake ƙara mata ƙarfi. Waɗanda suka girme ta kuma, da yawansu lam ne gaba da baya, wato dogayen fallayen ƙarfe da aka jera ɗaya kan ɗaya suna ɗaukar nauyin mota. Amma daga ƙirar da aka soma a Tailan a 2004, wadda muke kira Vigo, Toyota ta canza gaban gaba ɗaya: rasor, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, da amortisor mai kashe tsalle a cikinsa, a haɗe wuri ɗaya, an ɗaure kansu a sama da noti uku. Revo da ta fito a 2015 ita ma haka. Babu notin da za a murɗa a nan.

Shi ya sa na ce ba zan nemi kaya da sunan "Hilux" kawai ba. Na nemo ƙaramin farantin da kamfani ya manna mata, na goge ƙura da yawu da yatsa, na kwafe abin da ke rubuce. Lambar ƙira ta fara da LAN25L. LAN na nuna injin 5L-E ne, mai lita 3 marar turbo, wanda aka fi kawowa ƙasashenmu saboda yana jure gazuwal ɗinmu. Da KUN25 ce, injin lita 2.5 ke nan mai turbo. KUN26 lita 3 mai turbo. TGN26 mai shan fetur. Harafin L na ƙarshe sitiyari a hagu. Lambar shasi kuma, mai harufa da lambobi 17, ta fara da AHT, wato a Afirka ta Kudu aka haɗa ta, a masana'antar Toyota da ke kusa da Durban. Waɗanda aka haɗa a Tailan da MR0 suke farawa.

Nauyin injin ya bambanta, saboda haka rasor ɗin mai fetur da na mai gazuwal ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba ko da sun shiga wuri ɗaya. Sannan akwai Vigo gajera, wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja, mai noti biyar a ƙafa. Tawa noti shida ce. Kayan gaban mai noti biyar daban suke, kuma na taɓa ganin an sayar wa mutum su da rantsuwar cewa duk ɗaya ne. Na rubuta lambobin nan a takarda na sa a aljihu, na kuma ɗauki hoton farantin da waya.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci na zaga wajen masu sayar da kayan mota. Abin da ake ɗaga gaba da shi, mafi sauƙinsa, zobe ne mai kauri da ake kira kal, ana ɗora shi a kan amortisor tsakaninsa da mazauninsa na jikin shasi. Na samu iri uku a shago biyu, kuma ko ɗaya babu sunan wanda ya ƙera shi.

Na farko yana cikin kwali mai hoton wata a-kori-kura ta Amurka, Tacoma, an rubuta inci 2 da manyan baƙaƙe. A bayan kwalin an jera motocin da wai yake shiga: Tacoma, Prado, FJ Cruiser, Fortuner, Hilux. Na biyu ba shi da kwali, a leda yake, mai shago ya ce shi ma inci 2 ne. Na ajiye su kusa da juna a kan teburinsa. Na kwalin kaurinsa bai kai yatsa biyu ba, na ledan kuwa ya ninka shi. Na ciro mita: ɗaya milimita 25, ɗaya 50.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai mai kaurin shi ne na gaskiya, inci biyu cif. Wancan sun rage ƙarfe ne."

Ba ƙarya yake yi da gangan ba, haka ya fahimta. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka mai kaurin 50 lallai inci 2 ne a jikinsa. Amma a irin wannan gaba, kaurin kal ba shi ne tsayin da mota za ta ƙara ba. Ƙasan amortisor ba a bakin ƙafa yake ɗaure ba. Yana zaune ne a kan hannun ƙasa, wanda makanikai ke kira triyangil, a wajen tsakiyarsa, tsakanin inda hannun ya kama shasi da inda ya kama ƙafa. In ka tura tsakiyar hannun ƙasa da milimita 10, bakinsa na waje zai sauka kusan ninki biyu. Ke nan kal mai kaurin 25 zai ɗaga mota wajen 45 zuwa 50, shi ne ma'anar inci 2 da ke jikin kwalin. Mai kaurin 50 kuwa, in har ya shiga, zai nemi ɗaga ta kusan inci huɗu, abin da gaban Vigo ba zai ɗauka ba sai an canza wasu kayan da yawa. Duk wanda zai saya ya tambayi abu ɗaya: lambar nan ta kauri ce ko ta tashin mota? In mai kaya bai sani ba, a auna.

Na tsaya a kan na ledan na duba shi sosai. Na ɗora masa maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar lasifika, bai kama ba, alminiyom ne. Amma na zubi ne, irin zubin tukwane: fuskarsa tana da gautsi, akwai layin haɗin mazubi a gefe, kuma kusa da ramin kusa ɗaya na ga ƴan ƙananan ramuka kamar na kumfa. Na kwalin shi ma alminiyom ne, sai dai sassaƙa shi aka yi da inji daga dunƙulen ƙarfe, ana ganin siraran zagayen da bakin injin ya bari, in ka shafa sumul. Kusoshinsa an buga 10.9 a kansu. Na ledan kusoshinsa kansu a shafe yake, babu ko 8.8. Nauyin kusurwar mota gaba ɗaya a kan abin nan yake zama, a kan gargadar hanyar burji, ba zan amince wa kusa marar lamba ba.

Na ukun na roba ne mai tauri, ja. Shi ba a sama ake ɗora shi ba, cikin amortisor yake shiga, tsakanin kan rasor da murfinsa, sai an matse rasor an kwance komai. Zan dawo kansa.

Ban sayi komai ba. Na roƙi izini na zana ramukan na kwalin a jikin takarda mai kauri, in je in gwada da kan amortisor ɗina.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na kai ta garejin dattijon da ke duba mana mota tun mahaifina na da rai, Baba muke ce masa. Zanen ya yi daidai da kusoshi ukun da ke sama, wannan ya tabbata. Amma da yaransa suka sa jak suka cire ƙafar hagu, Baba ya durƙusa ya haska da tocila ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kira ni da hannu.

Tsakanin naɗin rasor ɗin akwai guntayen tsohuwar taya, an yanka su kamar faɗin tafin hannu an cusa, an ɗaure da waya. Laka da ƙura sun rufe su har sun zama kalar rasor ɗin, shi ya sa ban taɓa lura ba ko a wurin wanki. Guda biyu a hagu, ɗaya a dama. Jikin amortisor na hagu kuma ya jiƙe da mai daga sama har ƙasa, ƙura ta manne masa ta yi baƙin ɓawo.

Ya ce, "Ɗana, wanga rasor ya mutu tun ba yau ba. Wanda ya sai maka ita ya sani, shi ya sa ya yi mashi tallafi."

Na ce, "To Baba, in mun ɗora kal ɗin a sama ba zai rufe ba?"

Ya ce tsayin zai dawo, ƙarfin ba zai dawo ba. Rasor da ya gaji zai ci gaba da sauka, amortisor da ya zubar da mai ba zai riƙe tsalle ba, in na shiga rami gaban zai nutse ya daki ƙasa kamar yadda yake yi yanzu, sai dai daga sama kaɗan. Ya sa aka zare robobin, aka sauke motar, aka ɗan tura ta gaba da baya don ta zauna. Na sake awo: hagu 497, dama 511. Ainihin halin da take ciki ke nan.

Ya kama ƙafar dama da hannu biyu, sama da ƙasa, ya girgiza. Rotil ɗin sama, gaɓar da ta haɗa hannun sama da ƙafa, yana da ɗan wasa. Robar ciki da ke rufe kardan, sandar da ke juya ƙafar gaba, ta soma tsagewa a cikin lanƙwasa, ba ta kai ga zubar da giris ba tukuna. Duka biyun sai an canza, da kal ko babu kal.

Asabar, 18 ga Oktoba

Wannan awon shi ne ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma ban ji mai sayar da kaya ko ɗaya ya ambace shi ba. Na loda buhu biyar na wake, na kilo ɗari-ɗari, yadda na saba jera su, na koma kan daɓen nan. Baya ya sauka da milimita 38. Gaba ya tashi da 6, domin kayan da ke bayan ƙafafun baya suna ɗaga hanci.

Kamfani bai yi kuskure ba da ya bar bayan a-kori-kura sama da gabanta. Lam ɗin baya an yi shi ne don kaya, tsayin nan da ake gani in tana wofi, wurin da kayan za su cinye ne. Hotunan da ke jikin kwalaye na motocin da ke yawo babu komai a baya ne, a can daidaita gaba da baya ado ne kuma ba ya cutar da kowa sosai. Mu a nan mota ba ta komowa daga kasuwa wofi. In na daidaita ta cif tana wofi, ranar da na loda ta hancinta zai kalli sama. Fitilu za su bar hanya su shiga idon mai tahowa, kuma duk wanda ya bi hanyar Tasawa da dare ya san abin da wannan ke jawowa, ga masu babur ga amalanke marar fitila. Sitiyari zai yi sako-sako saboda nauyin da ke danne ƙafafun gaba ya ragu, alhali birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota.

Lissafin a bayyane yake. In sabon rasor ya maido gaba wajen 530, na ƙara kal ɗin inci 2, gaba ya zama 580, daidai da baya. Da buhu biyar sai gaba ya koma 586, baya 542. Ban yarda da wannan ba. Abin da nake nema yanzu shi ne gaba ya tsaya tsakanin 545 da 550, baya ya ci gaba da fin sa da kamar 30.

Wani abu kuma da ya kamata mai niyyar wannan aiki ya sani: ɗaga gaba yana ɗaga farantin injin da ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashinsa, amma ƙullin dif na baya, wanda ke raba wa ƙafafun baya ƙarfin injin, yana nan inda yake, don a kan gatarin ƙafafu yake zaune. Taya mai tsayi ce kaɗai ke ɗaga shi. A rairayi kuma rage iskar taya yana yin abin da kal ba zai yi ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mun zauna da Baba a kan benci bayan la'asar muka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Kal na sama shi ne mafi arha, ba ya taɓa laushin rasor, motar za ta ci gaba da tafiya yadda ka san ta. Illarsa ita ce yana ƙara wa amortisor tsawo gaba ɗaya. A wannan gaba, amortisor ne ke hana ƙafa zarcewa ƙasa in ta rataya a iska. In ya ƙara tsawo, ƙafa za ta sauka fiye da inda aka tsara, rotil ɗin sama ya kai ƙarshen juyawarsa, hannun sama ya iya gogar rasor, kardan kuma ya karkace da yawa. Ta ɗaya ɓangaren, in ka faɗa rami da ƙarfi, amortisor zai iya kai ƙarshensa kafin hannun ƙasa ya taɓa robar da aka sa don ta tare dukan. Duk wannan yana ƙaruwa ne da kaurin kal. Siriri ba ya kai mutum can.

Na roban da ke shiga ciki ba ya ƙara tsawon amortisor, saboda haka ƙafa ba za ta zarce iyakarta ba. Amma yana sa motar ta zauna kusa da ƙarshen miƙewar amortisor, sai wurin saukar ƙafa ya ragu, a kan gargada ka riƙa jin ƙwanƙwasa duk lokacin da ƙafa ta faɗa. Hanyar burji ita ce rabin rayuwar motata, na cire shi daga lissafi. Ban kuma san yadda robar nan za ta yi da zafin watan Afrilu ba shekara bayan shekara, alhali ƙarfe na san halinsa.

Akwai amortisor na Bilstein, kamfanin Jamus, mai lamba 5100, wanda aka yi wa tsagogi a jiki, kana matsar da mazaunin rasor sama ko ƙasa ka zaɓi tsayin da kake so. Akwai kuma cikakken saiti, rasor da amortisor da aka yi su tare don mota mai ƙarfen gaba, irin na Old Man Emu da Ironman, dukansu daga Ostireliya, inda Hilux ke aiki a daji kamar namu. Da kuɗi ba matsala ba ne wannan zan sa, don shi ne gyaran da ya kama matsalar daga tushe. Amma kuɗin saiti ɗaya ya kai jarin da nake juyawa a kasuwa biyu ko uku, ga shi muna tsakiyar kaka, ga kuma jabu da ke yawo da fentinsu da tambarinsu.

Mun tsaya a kan haka: sabon rasor da sabon amortisor na asali, daidai da lambar motar, tare da rotil da robar kardan. A hau ta ta zauna. Sai an sake awo sannan a san kaurin kal ɗin da za a nema, in ma ana bukatarsa.

Ƙanen matata yana kai kaya Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, ya san mutane a kasuwar Ƙofar Ruwa. Na tura masa hoton farantin. Na ce kada ya biya sai mai kaya ya ɗora mita a kan rasor ɗin ya ɗauki hoto, a ga tsawonsa da kaurin ƙarfensa da yawan naɗinsa, a kuma ga ɗigon fentin da kamfani ke yi wa rasor don bambanta ƙarfinsu. Na goge nawa da tsumma na ga sauran ɗigon, na tura hotonsa shi ma.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Kaya sun iso, an ɗaura. Da aka tsayar da tsohon rasor na hagu kusa da sabo a ƙasa, tsohon ya gaza da kusan kaurin yatsa. Baba bai bar yara su taɓa matse rasor ba, da kansa ya yi, ya kuma kori kowa daga gaban abin. Kusar ƙasan amortisor bai ɗaure ta tamau ba sai da motar ta sauka ta tsaya da nauyinta, don kada robar ciki ta murɗe ta yage da wuri.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ta je Gidan Rumji ta je Madarunfa, ta zauna. Gaba hagu 528, dama 534. Ƙwanƙwasar da na saba ji a kan gargada ta ɓace, kuma in na taka birki hancin ba ya nutsewa kamar da. Bambancin hagu da dama ya ragu zuwa 6, na bar shi haka.

Saura milimita 15 zuwa 20 in kai inda nake so, ke nan kal mai kaurin 10 ya isa. Na kwalin nan mai 25 ya yi mini yawa. An samo mai 10 a Kano, faranti ne kawai mai ramuka uku da babban rami a tsakiya, sassaƙaƙƙe, ba shi da kusoshin kansa, a kan kusoshin amortisor yake shiga. Abin dubawa a irinsa shi ne tsawon kusoshin: bayan an ɗora shi, dole noti ya shige gaba ɗaya har zare biyu ko uku su leƙo ta sama. Mun auna nawa, ba za su kai ba. Na ce a haɗo da dogayen kusoshi masu lamba a kai.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An fitar da gajerun kusoshin an dasa dogaye, kal ya zauna lafiya lau. Kafin a mayar da ƙafafu na roƙi Baba ya bar gaban a rataye a kan jak, mu ga iyakar saukarsa. Ya zura yatsa tsakanin hannun sama da rasor, ya wuce ba tare da ya matse ba. Ya juya ƙafar da hannu, sitiyari a karye zuwa ƙarshe hagu da dama, kardan bai kama ba, lanƙwasar robarsa ba sa gogar juna. Tiyon birki da saura, bai miƙe ba.

A ƙasa: hagu 546, dama 551. Kal mai kaurin 10 ya ba da 17 zuwa 18.

Daga nan muka wuce wurin masu saitin ƙafafu, don duk lokacin da tsayin gaba ya canza, tsayuwar ƙafafu ma ta canza, in aka bar ta haka taya za ta cinye ta gefe ɗaya cikin ƴan watanni. Ana saitin ne da kusoshi masu karkataccen wanki da ke riƙe hannun ƙasa. Uku sun juya. Na huɗun, na baya a dama, tsatsa ta haɗe shi da bututun da ke cikin robar, an jiƙa shi da mai an buga an bari ya jima, bai motsa ba. Mai saitin ya kawo ƙafar kusa da daidai da sauran, ya ce mini gaskiya bai kai yadda yake so ba. Sai an yanke kusar an sa sabuwa da sabuwar roba.

Da magariba na tsayar da ita gaban katangar gida na kunna fitilu, na sauke haskensu ya koma ƙasa da tsayin fitilun kansu.

Talata, 25 ga Nuwamba

Jiya na dawo daga wajen Kornaka ta hanyar da ta fi ba ni wahala. Da zuwa, tana wofi, farantin bai taɓa tudu ba ko sau ɗaya. Da dawowa da buhu biyar ya ɗan shafi rairayi a wata gangara mai zurfi, shafa ba duka ba. Na auna ta da kayan kafin a sauke: gaba 554, baya 542. Hancin ya fi baya da 12, ido ba ya gani sosai, kuma babu wanda ya yi mini walƙiya da fitila a hanya. Amma ranar da na sa buhu bakwai zai fito fili.

Saboda haka aikin da ke gaba a baya yake. Ina so a ƙara lam ɗaya kowane gefe don ta riƙe kaya, ba don ta ƙara tsayi ba. Baba ya nuna mini wani abu a ƙarƙashi da za a kula da shi: tawa ba ta da ABS, na'urar da ke hana ƙafa cijewa in an taka birki, tana da bawul ɗin da ke auna nauyin kaya ta wata siririyar sanda da ta haɗa shasi da gatarin baya, shi ke ƙara wa birkin baya ƙarfi in mota ta sauka. In lam ya hana ta sauka, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, sai an sake saita sandar. Kusar hannun ƙasa da robarta suna hanya daga Kano, ana sa ran su ranar Juma'a. In an sa su an sake saiti, zan ja alli a kan tayun gaba in riƙa duba yadda suke ci, sannan mu shiga maganar lam.